Rundunar Aro da Jikokinta

Aro tsohuwar al'ada ce a wurinmu, kuma tana da ladubbanta. A zango ana aron turmi, ana aron babbar tukunya ranar suna, ana aron tabarmi da kujeru ranar zaman makoki. Ƙa'idar ba a rubuce take ba, amma kowa ya san ta: abin da ka ara ka kula da shi fiye da naka, ka mayar da shi a kan kari, in ya fashe a hannunka ka biya. Duk wannan ladabi ya ginu ne a kan cewa mai kayan yana nan kusa, gobe ma za ku haɗu a bakin famfo ko a kasuwa. To yaya al'amarin yake idan abin da aka ara mutum ne mai uwa da uba, wanda ya karɓi aron kuma yana can bayan teku, ba zai taɓa haɗa ido da iyayensa ba? Wasan kwamfuta ne ya jefo mana wannan tambaya, kuma mun tarar amsarta tana cikin tarihin gidajenmu.

Sunan wasan Hearts of Iron IV. Wani kamfanin ƙasar Suwidin mai suna Paradox ne ya fitar da shi a 2016, kuma da yawa daga cikinmu, mu da ƙannenmu, mun raba dare a kansa da tsofaffin kwamfutocinmu na gwanjo. Ya bambanta da wasannin da ake riƙe bindiga ana harbi. Taswirar duniya ce ake shimfiɗa maka kamar yadda take a 1936, ka zaɓi ƙasa guda ka zama kai ne gwamnatinta: ka gina masana'antu, ka ƙera bindigogi da tankoki, ka ɗauki soja, ka ƙulla ƙawance, ka jira Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. Fuskar soja ba ta bayyana a idonka. Abin da kake turawa 'yan alamu ne masu tuta da lamba, kowace ɗaya tana wakiltar runduna ta mutum dubbai. A saman allo kuma akwai wani adadi da ke nuna yawan mazajen da suka rage wa ƙasarka waɗanda za a iya sa wa kaki. Duk wanda ya daɗe a wasan ya san wannan adadi ya fi komai tsada, domin bindiga in ta salwanta ana ƙera wata, mazaje kuwa in sun ƙare sai jiran haihuwa.

Akwai hanyoyi uku da ƙasa ke bi ta tallafa wa wata a cikin wasan. Ta farko aron kaya: ka aika bindigogi, motoci, jiragen sama ko man fetur, irin abin da Amurka ta yi wa Ingila da Tarayyar Sobiyet bayan dokar da ta kafa a Maris 1941. Ta biyu tura 'yan sa-kai. A nan ƙasarka ba ta shiga yaƙin ba, amma ka aika 'yan rundunoni kaɗan su taya ɓangaren da kake so, kuma linzaminsu yana hannunka, kai ke cewa su auka ko su ja da baya. Masu wasa da yawa da wannan suke buɗe fage, a yaƙin basasar Sifaniya na 1936 zuwa 1939, domin sojansu su goge kafin babban yaƙi ya zo. Haka Jamus da Italiya suka yi a zahiri, kuma mutanen garin Gernika, wanda jiragensu suka ragargaza a Afrilu 1937, suna cikin waɗanda suka biya musu kuɗin wannan makaranta. Hanya ta uku ita ce ta shafe mu. Ka ɗauki rundunarka sukutum ka miƙa wa abokin ƙawance, shi zai ba ta umarni, shi zai zaɓi inda za ta tsaya da inda za ta faɗi. Amma duk sojan da ya mutu, daga rumbun mazajenka za a ciro wanda zai maye gurbinsa. Umarni na wani ne, jini naka.

Daga wannan ƙa'ida guda halin ɗan Adam ke fitowa fili. Wanda ya ba da aro yakan zauna yana cizon yatsa, yana kallon kwamfuta tana jefa gogaggun sojansa cikin fadama ko kan duwatsu, tana kai hari inda babu wata fata. Wanda aka ba kuwa sai hannunsa ya yi sauƙi. Rundunar aro ake turawa gadin tashar jirgin ruwan da ba wanda ke son zama, da ita ake toshe ɓaraka, ita ake bari a baya ta tare abokan gaba yayin da 'yan gida ke janyewa. Ba sai mutum ya kasance mugu zai yi haka ba. Lissafi kawai ya ishe shi, tunda asarar ba a littafinsa ake rubuta ta ba.

A ƙarshen 2016 kamfanin ya ƙara wa wasan wani sashe mai suna Together for Victory, wanda ya mai da hankali kan ƙasashen da ke ƙarƙashin inuwar Ingila: Kanada, Ostareliya, Niyu Zilan, Afirka ta Kudu da Indiya. A tsarin wasan, uwargijiya tana iya neman rundunonin ƙasar da ke ƙarƙashinta, tana kuma iya horar da sababbi da mazajen waccan ƙasa. A madadin haka akwai ma'aunin cin gashin kai, wanda ke cika gwargwadon gudummawar da ƙasar ta bayar a yaƙi, har ta kai ga tsayawa da ƙafarta. Mu kuwa idan muka gangaro da taswirar zuwa inda Gana da Nijeriya da Nijar suke a yau, launin Ingila da na Faransa kawai muke gani. Ba mu ma kai matsayin waɗanda ake ara daga hannunsu ba. Muna cikin aljihun mai aron tun farko.

A nan ne wasa ya daina zama wasa a wurinmu. Mun saba cewa goro ne ya kawo kakanninmu wannan ƙasa, kuma gaskiya ne. Ayarin fatake ya daɗe yana bin hanyar Gwanja daga Kano da Katsina zuwa Salaga, kuma da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, 'yan kasuwa da malamanta suka bazu suka kafa zanguna a garuruwa da dama. Sai dai zango yana da saiwa ta biyu da ba mu cika ambatonta ba, ita ce bariki.

A 1863 wani hafsan Ingila mai suna John Glover ya tara wata 'yar runduna a Ikko daga cikin masu jin Hausa, da yawansu bayi ne da suka tsere wa iyayengijinsu. Turawa suka riƙa kiransu Hausawan Glover. Da yaƙin Ingila da Asante ya taso a 1873, aka ɗebo su a jirgin ruwa aka kawo su Gwal Kos, wato Gana ta yau, aro daga wannan mulkin mallaka zuwa wancan. A Fabrairu 1874 rundunar Janar Wolseley ta shiga Kumasi ta banka mata wuta. A 1879 aka kafa wa Gwal Kos tata rundunar a kan wannan tushe, wadda daga baya ta shiga cikin babbar rundunar Afirka ta Yamma da aka fara kafawa a ƙarƙashin Lugga a 1897. Da Yaa Asantewaa ta ɗaga tutar yaƙi a 1900, daga Nijeriya aka sake ɗebo soja aka kawo. Sunan sojan Hausa ya yi tashe har wakilan Sarki Leopold na Beljiyam suka riƙa zuwa gaɓar teku suna ɗaukar su zuwa Kwango.

Ba duk wanda aka kira Bahaushe a bariki ne Bahaushen haihuwa ba. Akwai Mosawa, Gurunsawa, Dagwambawa, Zabarmawa, Barebari da Fulani. Harshen umarni ne ya haɗa su, har aka sami wata Hausa ta musamman da ake kira Barikanci. Kalmomin da muke furtawa kullum, irin su soja, kofur, saje, samanja, hafsa da fareti, duk daga filin atisaye suka shigo bakinmu. Da wa'adin aikin mutum ya ƙare, sau da yawa ba shi da gidan komawa, musamman wanda bauta ce ta raba shi da garinsu. Sai ya yi aure, ya kafa bukka kusa da fatake da malamai masu jin harshensa. Cikinmu akwai jikokin waɗannan mutane, ko sun sani ko ba su sani ba.

Adalci ya wajabta mu faɗi ɗaya ɓangaren. Sojan aro an zalunce shi, amma da hannunsa aka zalunci wasu. Tonawa ba su manta su wa aka gani riƙe da bindiga a Kumasi ba. Rundunar da ta fasa ganuwar Kano a Fabrairu 1903, ta shiga Sakkwato a Maris, ta kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a Yuli, hafsoshinta Turawa ne 'yan ƙalilan, sauran duk baƙar fata ne, da yawansu masu jin Hausa. Waɗanda suka tsira daga Burmi suka nausa gabas, ɗansa Mai Wurno ya kafa gari a bakin kogin Nilu a Sudan, wanda har yau ake kira da sunansa. Ke nan wasu 'yan'uwanmu na Sudan jikokin waɗanda suka guje wa bindigar da wasu kakanninmu suka riƙe ne. Aro ya raba gida ɗaya gida biyu, ya sa ɗaya ya harbi ɗaya.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojan da ake ambata a matsayin wanda ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila gaba ɗaya shi ne Alhaji Grunshi na rundunar Gwal Kos, a ƙasar Togo, a Agusta 1914. Daga nan aka wuce Kamaru, inda Garwa ta faɗi a 1915, dutsen Mora kuma ya miƙa wuya a Fabrairu 1916. Waɗanda suka tsaya a ɗaya ɓangaren cikin kakin Jamus su ma 'yan Afirka ne. Rigimar Turai ce, amma gawawwakin da aka binne a tsaunukan Mandara yawancinsu ba na Turawa ba ne.

Sai Yaƙi na Biyu, wanda shi ne zamanin wasan. A 1940 da 1941 birged ɗin Gwal Kos da na Nijeriya suka yaƙi Italiya a Somaliya da Habasha. A 1943 aka kafa manyan rundunoni biyu, ta 81 da ta 82, daga mazajen Nijeriya, Gwal Kos, Saliyo da Gambiya, aka loda su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can zuwa dazuzzukan Bama don yaƙar Japan. Alamar ta 81 baƙin gizo-gizo ce, wanda Tonawa ke kira Ananse, mu kuma muka san shi da Gizo na tatsuniya. Alamar ta 82 masu biyu ne a gicciye bisa gammo. Gammon nan ba ado ba ne. Dubban mutane an ɗauke su ne don dako, suna ɗaukar harsashi da abinci a ka ta hanyoyin da mota ba ta bi, kuma wannan ne ya sa rundunonin suka iya ratsa kwarin Kaladan da tsaunukan Arakan. A Janairu 1945 suka ƙwace Myohaung.

Ko a can ma aro bai ƙare ba. An zare birged ta 3, wadda bataliyoyinta na Nijeriya ne, daga runduna ta 81 aka miƙa wa Janar Wingate, mai rundunar Chindit da ake saukewa a bayan layin Japanawa a 1944. Babban aikin da aka ba su shi ne tsaron sansanonin da aka kafa a tsakiyar daji, waɗanda abokan gaba ke yi wa ruwan wuta. Duk wanda ya san wasan zai gane wannan rabo. Albashinsu bai kai na takwarorinsu Turawa ba, kuma umarni yana hannun hafsoshin Ingila. Sai a 1942 ne Seth Anthony na Gwal Kos ya zama baƙar fata na farko daga nan da aka ba muƙamin hafsa. Yau muna wucewa ta gaban Burma Camp a Ankara, babban birninmu, da barikin Kaladan a Tamale da na Myohaung a Takoradi, 'yan'uwanmu na Zariya kuma suna da barikin Chindit, amma kaɗan ne daga yaranmu suka san cewa waɗannan sunaye ne daga fagen da aka binne mazanmu.

A cikin wasa, ma'aunin cin gashin kai yana cika da kansa. Ka ba da jini, lamba ta hau, ba wanda zai musa maka. A duniya ba haka aka yi ba. Mazan jiya sun dawo suka tarar da tsadar kaya da rashin aiki, alkawuran da aka yi musu kuma suka zama iska. Ranar 28 ga Fabrairu 1948 suka yi jerin gwano ba makami zuwa fadar gwamna a Osu don miƙa kokensu. A mararrabar hanya wani babban ɗan sanda Bature ya buɗe wuta, ya kashe Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Tarzoma ta ɓarke, aka kama Kwame Nkrumah da wasu shugabanni biyar, aka kafa hukumar bincike, kuma daga nan hanyar 6 ga Maris 1957 ta buɗe. Mutanen da suka tsira daga harsashin Japan sai da suka sake biya a gida kafin a duba littafin bashinsu.

Ga wani abin lura. Ingila ta ci bashi daga Amurka bayan yaƙi, wanda ya haɗa da kuɗin ragowar kayan da aka ara mata, kuma ta yi ta biya har Disamba 2006 kafin ta gama. An yi shekara sittin ana bin lissafin ƙarfe da man fetur kobo-kobo, domin mai kayan yana da ƙarfin da zai ce a biya shi. Wanda ya ba da ɗansa daga Bawku ko Katsina ba shi da wannan ƙarfi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

A wasan akwai hanyar mayar da rundunar aro ga mai ita, ta koma ƙarƙashin tutarta kamar ba a yi komai ba. Mutum kuwa ba ya komawa yadda ya fita. Wanda aka kawo a 1873 ko 1900 ya haihu a nan, 'ya'yansa suka haihu a nan, jikokinsa ba su san wata ƙasa ba sai wannan. Duk da haka, da gwamnatin Busia ta kafa dokar korar baƙi a Nuwamba 1969, ta ba marasa takarda mako biyu su fice, zanguna ne suka fi jin zafin abin, har da gidajen da suka yi zuriya uku a ƙasar. A 1983 Nijeriya ta yi irin nata korar, wasu da suka tsallaka can neman abinci aka sake loda su a mota aka ce musu baƙi. Wannan ita ce makomar jikan rundunar aro idan ba a rubuta tarihinsa ba: a nan a tambaye shi daga ina ya zo, a can a tambaye shi me ya kawo shi. Saboda haka sanin wannan tarihi ya wuce abin hira a wurinmu. Hujja ce ta zama. Sojan ƙasar nan da ake alfahari da shi, da kakanninmu aka aza harsashinsa.

Akwai kuma abin da wasan ba zai iya nunawa ba, shi ne cewa rundunar aro tana da zuciya. Tun daga Kwango a 1960 Gana take ba Majalisar Ɗinkin Duniya aron sojanta. A Afrilu 1994, da kisan ƙare dangi ya ɓarke a Ruwanda, Beljiyam ta janye nata sojan bayan an kashe mata goma, Kwamitin Sulhu kuma ya yanke shawarar rage rundunar zuwa mutum 270. Janar Henry Anyidoho, mataimakin kwamandan rundunar, ya tsaya tare da sojan Gana, suka yi gadin wuraren da dubban mutane suka fake har suka tsira da rayukansu. 'Yar alamar da ke kan allo tana zuwa duk inda aka tura ta, tana barin duk inda aka ce ta bari. Waɗannan sun ga fuskokin mutanen da za a yanka in sun tafi, suka zauna.

Ba muna cewa a hana yara wasan ba. Wanda ya yi shi da hankali zai fita da sanin taswira, da sanin cewa yaƙi man fetur ne da hanyar jirgin ƙasa da abinci kafin ya zama jarumta. Ya ma fi littattafai da dama gaskiya a kan abu guda, domin ya sa mai wasa ya ji a jikinsa yadda ran wani ke yin araha a hannun wanda ba shi zai yi asara ba. Abin da ya rage namu ne. Mu gaya wa ƙannenmu a wane gefen allon kakanninsu suka tsaya. A gidaje da yawa na Nima da Sabon Zango da Aboabo akwai tsohuwar lambar yabo a cikin gwangwani, ko hoton wani mai jar dara da gajeren wando da ba wanda ya ƙara tambayar sunansa. Tsofaffin da suka san sunan suna ƙarewa. A tambaye su tun suna nan, a rubuta sunan, da garin da ya fito, da inda aka kai shi.

Kuma duk ranar da muka ji an ce za a tura 'ya'yanmu taya wani yaƙi, ko gwamnati ce ta ce ko wani dillali mai alkawarin aiki a ƙasar waje, akwai tambayoyi uku da kowane mai wannan wasa ya san a yi kafin ya danna: wa zai riƙe linzami, daga rumbun wa za a cike gurbin wanda ya faɗi, kuma wa ya ɗauki nauyin dawo da su. Kakanninmu ba a ba su damar yin ko ɗaya daga cikinsu ba. Allah Ya jiƙan mazan jiya.